TAKALMI MAI ƘUSOSHI: Amsa Ga Mai Faskare Daga Dawakin Tofa

Yau wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, saboda amsarta na da ɗan tsawo.

Wasiƙar ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Kwa, cikin ƙaramar hukumar Dawakin Tofa. Ya ce shi manomi ne, amma da an kawar da amfanin gona sai ya koma saran itace da faskare, yana kai wa masu abinci da masu gidan burodi a wajejen kasuwar Dawanau. Ya ce bara gatari ya goce ya same shi a ƙafa, sai da ya yi wata guda bai fita aiki ba. To, kwanan baya ya shiga wajen 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai, ya ga wani dogon takalmin fata, tafinsa duk ƙusoshin ƙarfe, mai kayan ya ce masa irin na masu saran itace ne a ƙasar Turawa. Shi ne yake tambaya, ya saya ko kada ya saya? In kuwa ya saya, yaya zai kula da shi?

To Malam, sannu, Allah ya ƙara sauƙi, ya kiyaye gaba. Mai kayan bai yi maka ƙarya ba, lalle takalmin masu saran itace ne. Amma shawararmu ita ce ka riƙe kuɗinka tukuna, ka ji inda aka yi shi da abin da aka yi shi dominsa.

Wannan takalmi asalinsa na dazuzzukan Amurka da Kanada ne, musamman irin su jihohin Oregon da Washington, inda ruwan sama ba ya ɗaukewa da wuri, itatuwa kuma ga tsawo ga kauri. In an kayar da itace a can, mai aiki bisa gungumen yake tafiya yana sare rassa, ɓawon a jiƙe, ga gansakuka, santsi kamar an zuba kuɓewa. A da ma ta kogi ake kora gumagumai zuwa wurin yanka katako, mutane na tsalle daga wannan gungume zuwa wancan a tsakiyar ruwa. A kogin Kennebec na jihar Maine sai a 1976 aka yi irin wannan kora ta ƙarshe. Ka ga mutumin da ke wannan aiki, in ƙafarsa ta zame ya faɗa tsakanin gumagumai, sai dai wani ba shi ba. Ƙusoshin nan aikinsu ke nan, su cafki jiƙaƙƙen ɓawo. Ba su tare gatari, ba su tare ƙaya.

Yanzu dubi naka aikin. A ƙasar Dawakin Tofa, daga Kwa zuwa Tumfafi zuwa Marke, ina dajin da za ka hau gungume ka yi tafiya a kai? Gona ce ke bin gona, itatuwan kuma kowanne da mai shi: gawo, ɗorawa, tsamiya, kuka, darbejiya. A 1990 an buga wani bincike da malaman Jami'ar Bayero suka yi kan itacen girki a Kano, suka nuna manoman kewayen birni ba kasafai suke kayar da itace ba, rassa suke sarewa itacen ya sake toho, shi ya sa gonakin ba su ƙare da itatuwa ba duk da yawan jama'a. Wato aikinka iri biyu ne, ko kana bisa kana sassare reshe, ko kana ƙasa kana faskare, kuma yawancinsa da rani, ƙasa a bushe.

A bisa, takalmi mai ƙusoshi ɓarna zai yi maka. Zai huda ɓawon ɗanyen itace, ya buɗe wa ƙwari da ruɓa ƙofa, mai gona kuma ba zai sake kiranka ba. Ga nauyi, ba ka jin reshe a tafin ƙafarka. A ƙasa kuwa, cikin rairayi ƙusa ba ta da abin kamawa. A kan kwalta, ko siminti, ko ƙarfen bayan mota in kana lodi, ƙarfe ne bisa abu mai tauri, zamewa za ka yi. Balle a ce ka taka babur da shi. Ko a can ƙasarsu masu kantuna kan hana a shigo musu da shi, saboda yana cin daɓen katako.

Abin da ke neman ƙafarka a nan uku ne, kai ma ka san su: bakin gatari ko gungumen da ya kuɓuce, sai ƙaya da ƙusa, sai maciji da kunama. Takalmin da za ka nema shi ne wanda zai tare waɗannan.

In ka koma Ƙofar Wambai, nemi takalmin ma'aikatan kamfani, mai ƙarfe a hanci. Danna hancin da babban yatsa, in ya lotsa ajiye shi. Sannan ka ɗaga harshen takalmin ka duba rubutun da ke ciki, in ba ka karanta boko ka tafi da yaro. Nemi wanda aka sa wa S1P ko S3 bisa ƙa'idar Turai. Ma'anarsa, an gwada hancin zai ɗauki nauyin kilo 20 da ya faɗo daga tsawon kamar mita 1, kuma an shimfiɗa wani faranti a cikin tafin wanda ƙusa ba ta huda shi da sauƙi. Wannan farantin kada ka raina shi. Ƙayar aduwa da ta gawo da farar ƙaya silifas ba ya tare su, kowa ya sani. Ban da haka, gonakinmu na kusa da birni da takin shara ake ciyar da su, a ciki akwai tsohuwar ƙusa, da gwangwani, da fasasshiyar kwalba. Raunin huda a ƙasa mai taki kuwa shi ne ƙofar ciwon nan mai sanƙarar da jiki ya sarƙe haƙora, wanda likitoci ke kira tetanus. Duk ranar da abu ya huda ka, wanke wurin da ruwa da sabulu ka je asibiti a yi maka allurarsa, kada ka ce ƙaramin ciwo ne.

Sai dai ka sani, ƙarfen nan yatsu kawai ya rufe. Bayan ƙafa da ƙwauri fata ce kurum, gatari mai kaifi kuwa ba ya jin kunyar fata. Don haka takalmi ba zai ɗauke maka gyaran tsayuwa ba: buɗe ƙafafu, kada ka dafe itacen da ƙafa kana sara kusa da ita, ka kuma duba ƙota kullum kafin ka ɗaga. Masu aiki da injin yanka itace su ma su ji, wannan takalmi ba ya tsayar da sarƙar inji. Nasu daban ne, da wani zare a ciki mai cushe sarƙar.

Tsawonsa ya wuce idon sawu, in da hali ya kai rabin ƙwauri. Tarin itacen da ya kwana biyu ɗakin maciji ne, kuma yawancin sara a ƙafa ake samunsa, daga idon sawu zuwa ƙasa. Takalmin roba na ruwa yana taimakawa ta nan, amma da zafin bazara dafa ƙafa yake yi, kuma gatari na ratsa shi kamar kabewa.

Ga kuma inda 'yan gwanjo ke cin mutane, wani lokaci su kansu ba su sani ba. Akwai wani irin tafi mara nauyi, mai kama da soso, wanda in takalmi ya daɗe a ajiye yakan mutu daga ciki. Ido zai ga sabo fil, ko taku ɗaya ba a yi da shi ba, amma ka sa shi kwana uku sai ya fara marmashewa kamar ƙuli-ƙuli, ko ya saki gaba ɗaya. Saboda haka kama takalmin da hannu biyu ka lanƙwasa shi sosai, ka sa farce ka ƙwaƙuli tafin. In ka ga tsaga, ko gari na zuba, ko yana danƙo a hannu, ko kyauta aka ba ka wahala ce. Wanda ya ɗan sha tafiya, mai tafin baƙar roba mai nauyi, ya fi wannan sau goma. Mafi kyau duka shi ne wanda aka ɗinke tafinsa da zare, domin in ya cinye, mai gyaran takalmi zai iya sa maka wani, ko da na tayar mota ne.

Gwaji kuma da yamma ake yi, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safa mai kauri, ƙafa biyu duka. Yatsunka su yi motsi ba su taɓa ƙarfen ba. Kada mai kaya ya ce maka zai buɗe in ka saba da shi. Fata na buɗewa, ƙarfe ba ya buɗewa.

To, sai kulawa. Babban abokin gabar fata a ƙasarmu hunturu ne, yadda yake fasa maka kaushi haka yake fasa takalmi. In ka taso aiki, kaɗe ƙurar, ka goge da ɗanyen tsumma, in ya sha iska ka shafa masa man kaɗanya kaɗan, ka bi duk layin ɗinki da wurin da yake lanƙwashewa. Sau ɗaya a mako ya isa da hunturu. Kada ka tula masa mai har fatar ta yi laɓo-laɓo. Baƙin man inji da wasu ke shafawa kuwa ka bar shi, yana lalata roba da gam. In ya jiƙe da damina, kada ka kai shi bakin murhu, kada ka shanya shi a tsakar rana; cusa masa tsumma ko tsohuwar jarida ka ajiye a inuwa inda iska ke bi. Wuta na ƙona fata ta taurare, daga nan sai tsagewa. Ɗinki in ya fara saki, kai wa baduku tun yana taƙi ɗaya. Ranar da babban gungume ya faɗo wa hancin har ƙarfen ya lotsa, ya gama aikinsa, ba a buga shi a miƙe, sai dai a sake wani. Da dare ka rataye shi, da safe kuma ka kife shi ka bubbuga kafin ka zura ƙafa, saboda kunama.

Saura wanda ya riga ya sayi mai ƙusoshin, ko mai zuwa cin rani kurmi, irin su Ondo da Edo da Kuros Riba, inda ake kayar da manyan itatuwa cikin ruwa da laka. A can kam yana da rana. Irin na yanzu ƙusoshinsa ɗaurawa ake yi kamar noti, da ɗan makullinsu. Kullum bayan aiki a ƙwaƙule lakar da ke tsakaninsu, a bi su ɗaya-ɗaya a ƙara ɗaure wadda ta yi sako-sako, a ɗiga ɗan mai don tsatsa. Wadda ta dakushe a canza ta da wuri, domin in ta cinye har gindi makulli ba zai kama ta ba. Kada a yi yawo da shi a kan titi, a riƙe shi a jaka sai an isa daji. In kuwa a nan gida za ka zauna, kuma fatar mai kyau ce, kai shi wajen mai gyara ya cire tafin ya sa maka na roba mai kauri.

Kai dai mai wasiƙa, in za ka hau gawo ko darbejiya, tuɓe takalmin ka bar shi a gindin itacen yadda ka saba, in ka sauko za ka shiga ƙaya da faskare sannan ka sa.