Jawabi a kan Makarantar Ernabella

Ya kai mai karatu, ka kasa kunne in ba ka labarin wata makaranta mai nisa, a ƙasar Ostareliya, gama a cikin labarinta akwai abin lura ga duk wanda ke da ɗa.

A tsakiyar ƙasar nan akwai hamada mai jan ƙasa, da jerin duwatsu da ake kira Musgrave. Can ne mazaunin wata kabila, Pitjantjatjara. Su 'yan asalin ƙasa ne, kakanninsu suna nan tun dubban shekaru kafin Bature ya sa ƙafa. A da, da farauta da tonon saiwoyi su ke ci. Harshensu kuwa a lokacin bai shiga littafi ba.

A shekarar 1937 wani likita na birnin Adelaide, Charles Duguid, ya sa ikilisiyarsa ta Faresbiteriyan ta kafa mishan a wani wuri wai shi Ernabella. Ya riga ya ga yadda kabilun da suka haɗu da Turawa suka lalace, don haka ya kafa sharaɗi: kada a tilasta wa kowa barin al'adarsa, kuma ma'aikatan mishan su koyi harshen mutane. A zamanin nan, a wurare da yawa, akan raba yara da iyayensu a kulle su a gidan kwana, a hana su harshensu. A Ernabella ba a yi haka ba. Yaro ya zo makaranta da safe, ya koma wurin uwarsa.

A 1940 aka buɗe makarantar, malaminta na fari Ronald Trudinger. Yara suka zo yadda su ke, ba wanda ya ce sai sun sa riga. Da harshensu aka fara koya musu haruffa, da rubutu, da waƙoƙin ibada. Ingilishi sai daga baya.

Ga dalilin wannan dabara. Karatu aiki ɗaya ne, watau gane cewa wannan alama ita ce wannan sauti. Baƙon harshe kuwa aiki ne dabam. In ka ɗora wa yaro duka biyu rana ɗaya, sai ya riƙa maimaita magana kamar aku, bai san abin da ya ke faɗi ba. Amma in kalmar da ya fara haɗawa ita ce sunan ruwa ko wuta a bakin uwarsa, nan da nan zai gane cewa takarda magana ta ke yi. Sa'an nan ya shiga harshe na biyu da wannan sani a hannu.

A 1949 aka buga Linjila ta hannun Markus da harshen Pitjantjatjara, akwai kuwa masu iya karanta ta. Ba a yi wa kowa baftisma ba sai 1952, shekara 15 bayan kafa wurin. Ka ga dai ba a yi gaggawa ba.

To, amma labarin bai ƙare nan ba. A 1971 Gwamnati ta karɓi makarantar, a 1974 mishan ta miƙa garin ga mutanensa, a 1981 kuma doka ta mayar musu da ƙasarsu. Yanzu fa sai magana da lauya da likita da ma'aikacin Gwamnati, duk da Ingilishi. Dattawa suka duba, suka ga Ingilishin 'ya'yansu bai kai ba. A farkon shekarun 1990 su da kansu suka nemi a koma koyarwa da Ingilishi, suka ce harshensu su za su koyar a gida. Daga baya kuma waɗansunsu suka koka, don sun ga jikoki ba su iya karanta abin da kakanni ke karantawa.

Kada ka ga laifinsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Harshen uwa shi ke buɗe wa yaro karatu, harshen hukuma shi ke tsare masa haƙƙinsa, in aka raunana ɗaya, iyaye za su ƙi makaranta. Saboda haka, in an kawo makaranta garinku, ka tambayi abu biyu: da wane harshe yaro zai fara, kuma wane ne zai koya masa na biyun har ya ƙware? In an amsa maka duka biyu, to, kai ɗanka.