Zumar Malta: Tsibirin da Masu Saye Suka Fi Amya Yawa

 Yau hirar tamu a kan zuma ce, amma ba ta Kano ko ta Zariya ba. Za mu haye teku zuwa wata 'yar ƙaramar ƙasa da ake kira Malta, mu ji yadda zuma take zuwa bakin mutanenta.

Ita dai Malta tsibiri ce a tsakiyar tekun Bahar Rum, tsakanin Libiya da Italiya. Daga gaɓar Libiya kilomita 300 ne da 'yan kai. Faɗinta duka murabba'in kilomita 316, babban tsibirin kuwa tsawonsa kilomita 27 kacal, tafiyar da ba ta kai daga Kano zuwa Wudil ba. Amma ƙidayar 2021 ta nuna mutum sama da 500,000 ne a cunkushe a wannan ɗan wuri. Larabawa sun ci tsibirin a shekara ta 870, shi ya sa har yau harshensu ɗan gidan Larabci ne, zuma ma "asel" suke ce mata. Wasu masana tarihi na ganin sunan ƙasar kansa daga kalmar Girkawa ta zuma ya samo asali. Har yanzu akwai tsofaffin ɗakunan dutse da mutanen da suka gina, inda suke jera tukwanen ƙasa a matsayin amya.

To ƙasa mai irin wannan suna, kya ce zuma a can kamar ruwan rijiya take. Ina! Malta ba ta da kogi ko ɗaya mai gudu duk shekara. Ruwan sama a lokacin sanyi yake sauka, bazara kuwa ƙasa ta bushe ƙayau, har sai sun tace ruwan teku kafin su sami isasshen na sha. Mafi yawan abincinsu a jirgin ruwa yake zuwa. Shi kuma ƙudan zuma ba a yi masa odar fure daga waje. Abin da ya tsiro a tsibirin shi ne abincinsa, in an yi fari ya rasa, in an gina bene a kan fili ya rasa. Mu nan idan daji ya ƙare mai amya yakan matsa gaba. Su a can gaba teku ce.

Sau uku suke ɗiban zuma a shekara, kowace da kamanninta. Ta farko bayan ruwan sanyi, daga furannin lemo da ciyayin gona, mai haske ce. Ta biyu a tsakiyar zafi, wajen watan Yuni da Yuli, daga furen tayim na daji, ɗan uwan wanda muke barbaɗawa a dafa-duka. Ita ce mai tsada, ita ce ake rububi, kuma doka ta hana a tumɓuke wannan tsiro. Ta uku daga furen itacen turare da wani itace mai 'ya'ya kamar na ɗorawa, baƙa ce mai kauri. Shekarar da ruwa ya yi ƙaranci, ɗiba ɗaya ko biyu sai ta tafi a banza.

Bayan fari ga annoba. A 1992 wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai kama da kaska, ana kiransa baroa, ya shiga tsibirin. Yana maƙalewa a jikin ƙudan da 'ya'yansa yana tsotsa, yana kuma sa musu cuta. Amya kusan 4,000 ta mutu. Don a cike giɓi sai aka riƙa sayo sarauniyoyin ƙuda daga ƙasashen waje. Nan kuma aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago, domin Malta tana da nata irin ƙudan, baƙi-baƙi, mai jure zafi da ƙishi, wanda masana suka tabbatar a 1997 cewa iri ne na daban. Baƙin da aka kawo suka yi ta barbara da shi, asalin irin ya dinga raguwa. A 'yan shekarun nan kuma wani jan zirnako ya yi yawa, yana tsayawa bakin amya yana cafke ƙudan ɗaya bayan ɗaya. A 2024 gwamnati ta ayyana ƙudan zumar Malta a matsayin ƙwaron ƙasa don a ba shi kariya.

Yanzu ki haɗa lissafin da kanki, uwargida. Fure kaɗan, ƙuda kaɗan, ga mutanen gari, ga baƙi masu yawon buɗe ido da suka haura miliyan 3 a 2024, da yawansu na son komawa gida da kwalba ɗaya ta tsaraba. Ina zumar za ta fito? Daga waje. Shigo da zuma ba laifi ba ne, laifin shi ne algus. Tarayyar Turai, wadda Malta ta shiga a 2004, ta gwada samfuri 320 na zumar da ake shigowa da ita, sakamakon ya fito a 2023: kashi 46 cikin 100 ana zargin an gauraya su da ruwan sukari na shinkafa, alkama ko makamantansu. Shi ya sa a 2024 suka yi dokar da ta ce a rubuta a jikin kwalba ƙasashen da zumar ta fito da kason kowace. Wani abin dariya, akwai wani zagayayyen ƙwalam da mutanen Malta ke yi da bikin Kirsimeti, sunansa zoben zuma, amma yawanci yau baƙin maɗin rake ake zubawa a ciki.

Wannan magana ta algus ba baƙuwa ba ce a wurinmu, kuma mu da ba ma zuwa kasuwa ta fi shafa, tunda yaro ake aika ko mai talla ya kawo har zaure. Gwajin da muka saba, na tsoma ashana a kyasta ko ɗiga zuma a ruwa a ga ko za ta nutse, ba ya kama mai wayo, domin sukarin da aka dafa ya yi kauri shi ma yakan ci wannan jarrabawa. Haka nan zumar da ta daskare ta yi tsaki-tsaki ba lallai jabu ba ce, zuma ta gaskiya tana yin haka, musamman da hunturu. Mutumin Malta mai son ta ƙwarai wurin mai amyar yake zuwa, a lokacin ɗiba, ya biya da tsada. Ke ma ki roƙi maigida ya nemi mai amya sananne, in da hali a kawo da saƙarta. Wadda aka ce miki ta yi araha kamar maɗi, to ki tambayi dalili.

Sai abu ɗaya da ba zan rufe shirin ban faɗa ba, ko ta Malta ce ko ta ƙauyenmu, ko da babu algus ko kaɗan: kada a lasa wa jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma. Takan ɗauko ƙwayar wata cuta da hanjin babba yake iya kashewa, na jariri kuwa bai yi ƙwari ba. Alamarta jariri ya daina bayan gida, ya kasa tsotson nono, kukansa ya yi rauni, wuya ya saki. In an ga haka a garzaya asibiti. Kakanni da ungozoma, don Allah a taya mu riƙe wannan, wata shidan farko nonon uwa kaɗai ya ishe shi.