Numfashi Jari Ne: Jawabi Kan Ciwon Mutuwar Jijiyoyin Motsi

 

Mu 'yan kasuwa mun san cewa idan jari ya fara zubewa, tun da wuri ake tare shi. To, yau maganarmu kan wani jari ce da ya fi na Kasuwar Katako, wato numfashi, da kuma wani ciwo da ke cin sa a hankali.

Likitoci suna kiran ciwon nan ALS. Jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa tsoka su ne suke mutuwa kaɗan-kaɗan. Mutum zai ga kofin shayi yana suɓuce masa, ko ƙafa tana jan ƙasa, ko harshe ya yi nauyi, alhali galibi hankalinsa garau. Ba ciwo ne mai yawa ba, a shekara bai wuce mutum biyu ko uku cikin 100,000 yake kamawa ba. Shi ya sa idan ya shigo gida sai a ce sammu ne ko iska, a yi ta yawon neman magani, kuɗi su ƙare, lokaci ya ƙure.

Gaskiyar magana, har yau ba a sami maganin da zai warkar da shi ba. Yawancin masu shi shekara biyu zuwa biyar suke yi bayan alamun farko, kuma abin da ke kai su ƙasa shi ne gazawar numfashi. Akwai wata tsoka shimfiɗe tsakanin ƙirji da ciki, ita ke jawo iska zuwa huhu. Idan ta yi rauni, tsokar ciki ma ta yi rauni, tari ba zai yi ƙarfi ba, majina ta kwanta a ƙirji, abinci ya riƙa sarƙe mutum, daga nan sai ciwon huhu. Masanin nan na Ingila, Stephen Hawking, an gano masa ciwon a 1963 yana ɗan shekara 21. A 1985 ciwon huhu ya kusa kashe shi, sai da aka huda masa maƙogwaro. Ya rayu har 2018, amma irinsa ba su da yawa.

To, ina abin yi? Tsokar numfashi tana karɓar horo kamar kowace tsoka, muddin an fara kafin ta mutu. Akwai wata 'yar na'ura kamar usur mai murfi a ciki, mara lafiya zai hura da ƙarfi har murfin ya buɗe. Yadda aka saba, hurawa biyar sau biyar, wato 25 a rana, kwana biyar a mako. Binciken da aka yi a Jami'ar Florida ta Amurka ya nuna hakan yana ƙara ƙarfin fitar da iska ga waɗanda ciwon bai yi nisa ba. Ana kuma koya wa iyali yadda za su danna cikin mara lafiya daidai lokacin da yake tari, majina ta fito.

Amma fa mu kula, ba a yin wannan da ka. Tsokar da ta raunana, idan aka gajiyar da ita, ɓarna ce. Likita ne zai auna ƙarfin numfashin, ma'aikatan gashi su tsara adadin. Muna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos a Lamingo, muna da Jankwano. A je a nemi likitan jijiyoyi.

Alamomin da za su sa a garzaya su ne ciwon kai da asuba, gyangyaɗi da rana, haki idan an kwanta rigingine, da tari mara ƙarfi. A gida kuwa, a zaunar da shi sosai kafin a ba shi abinci, a ɗaga masa kai da matasai da dare. Kun san sanyin Jos a Disamba da Janairu. Kada a rufe masa ɗaki da garwashin gawayi, kada a zaunar da shi inda ƙurar katako take tashi.

Roƙonmu ga ƙungiya shi ne a ware wani abu daga asusun taimako don kuɗin mota zuwa asibiti da sayen wannan na'ura, a kuma tsara masu zuwa dubiya, domin mai jinya ma yana bukatar hutu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinya da alheri.