ZUMUNTA A MAJAMI'UN MAƘWABTANMU: ME ZA MU KOYA?

Jawabin da aka gabatar a taron 'yan ƙungiya a unguwar Rikkos, Jos



 

An umarce mu da mu yi magana a kan zumunci da taimakon juna a unguwa. To, mu dai 'yan kasuwa ne, karatunmu na Islamiyya ne, fatawa kuwa ta malamai ce. Amma ɗan kasuwa yana da wata ɗabi'a guda: in ya ga rumfar maƙwabcinsa tana cika da masu saye, sai ya leƙa ya ga yadda yake jera kayansa. Don haka muka ga ya dace yau mu leƙa rumfar maƙwabtanmu Kirista, mu duba yadda suke tafiyar da zumunci da agaji a cikin majami'unsu. Kada wani ya ce an zo yi masa wa'azin wani addini. Addininsu nasu ne, namu namu ne. Tsarin aiki muke so mu duba.

Da farko ya kamata mu san su waye maƙwabtan nan. Manyan ikilisiyoyin da muke gani a kewayenmu, daga nan Rikkos zuwa Unguwar Rukuba da Nasarawa Gwom da Dutse Uku, su ne ECWA da COCIN da Katolika, sai kuma sababbin majami'u da suka yawaita daga baya. ECWA ta samo asali ne daga mishan ɗin SIM, wadda mutanenta na farko suka sauka ƙasar nan a 1893, ita kuma ikilisiyar ta tsaya da ƙafarta a 1954. COCIN daga mishan ɗin SUM ta fito, wadda ta fara zama a Wase a 1904. Dukkansu biyu hedkwatarsu tana nan Jos. Wani abin lura kuma shi ne, da harshenmu na Hausa da yawansu suke sujada. Tun 1932 aka buga musu littafinsu cikakke da Hausa. Shi ya sa za ka ji Birom da Afizere da Anaguta da Angas suna cewa baiko, suna cewa zakka, suna cewa zumunta, kalmomin da ba baƙi ba ne a kunnenmu.

To, yaya suke yi?

Abu na farko, kuɗinsu yana shiga ne a kai a kai. Kowace Lahadi akwai baiko, kowa ya jefa abin da ya samu. Akwai kuma zakkarsu, wato kashi ɗaya cikin goma na abin da mutum ya samu. In kaka ta yi, sai a yi sujadar godiya, manomi ya kawo dankali ko acca ko masara, mai kiwo ya kawo kaza ko akuya. Abin da mutum ɗaya ya jefa ba wani abin a-zo-a-gani ba ne, amma da yayyafi kogi kan cika.

Abu na biyu, kuma jama'a nan ne muke so a buɗe kunne, shi ne rubutu. Ba fasto ne kaɗai ke riƙe da kuɗi ba. Akwai dattawan ikilisiya, akwai ma'aji, akwai sakatare. In an tashi sujada mutum biyu ko uku ne za su zauna su ƙirga, a rubuta, a sa hannu, sannan a sanar da jama'a abin da ya shigo. Ƙaramar majami'a tana kai rahoto ga majalisar yankinta, ita kuma ta kai gaba har zuwa babbar majalisa. Su ma fa 'yan Adam ne, ana samun saɓani da ƙorafi a kan kuɗi a tsakaninsu. Sai dai in rigima ta tashi akwai littafin da za a buɗe.

Abu na uku shi ne mata. Wane ne a cikinmu bai taɓa ganin 'yan Zumuntar Mata ba, da zanensu iri ɗaya da ɗankwali iri ɗaya, suna tafe a jere da tulun kiɗa da caki? Mu daga bakin rumfa waƙar kawai muke ji, alhali aikin da ke ƙarƙashinta ya fi waƙar yawa. A tarihin da su da kansu suke bayarwa, abin ya faro ne a Miyango wajen 1930, lokacin da wata mata ta sha wuya wajen haihuwa har ta kusa rasa ranta, sai mata suka yi karo-karo suka sayi keke domin a riƙa gaggauta neman magani. Daga keke ɗaya ga inda abin ya kai. Suna da ranar taruwarsu a mako, suna da 'yar gudummawar da kowacce ke bayarwa. In mace ta haihu za su je da sabulu da hatsi. In an kwantar da wata a asibiti sukan raba kwanakin jinya a tsakaninsu. In an yi rasuwa su ne a bakin murhu. Matar da mijinta ya rasu, wadda su suke kira gwauruwa, sun san sunanta, sun san 'ya'yanta nawa, sun san wanda aka koro daga makaranta saboda kuɗi. Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take. To wallahi matan nan sun riƙe wannan karin magana tamu da hannu biyu.

Abu na huɗu, matasansu ba a bar su haka nan ba. Akwai ƙungiyar mawaƙa, akwai 'yan birged masu fareti da kaki, akwai zumuntar matasa. Yaro yana tasowa da sanin cewa akwai ranar da ake jiransa a wani wuri, akwai kuma babba da zai tambaya in bai zo ba.

Irin wannan tattali ne, da taimakon mishan na farko, ya haifar da manyan ayyukan da mu kanmu muke amfana da su. Asibitin Vom tun 1922 yake. Asibitin OLA na Katolika da ke hanyar Zariya an buɗe shi a 1943. Asibitin Jankwano kuwa, wanda yanzu ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Bingham, a 1959 aka kafa shi, kuma a 1992 aka buɗe sashen masu yoyon fitsari a cikinsa, inda mata daga sassan Arewa da dama suka sami waraka. Ku ɗaga hannu, gida nawa ne a nan da ba a taɓa kai wani nasu ɗaya daga cikin asibitocin nan ba? Kun gani ko, hannun bai yi yawa ba.

Mun san wani zai ce, ai duk wannan taimako tarko ne na jan mutane zuwa addininsu. Gaskiya ne su masu bishara ne, ba su kuma ɓoye ba, kamar yadda mu ma ba mu ɓoye da'awarmu ba. Amma a tambayi kai: marayan da ya je ƙofar wani neman abinci, me ya fitar da shi daga tamu ƙofar? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ke jin tsoron a janye masa yaro, to ya ciyar da shi, ya biya masa kuɗin makaranta.

Mu kuwa ba mu rasa tushe ba. Zakka rukuni ce a addininmu, ɗaya cikin arba'in na dukiyar da ta kai nisabi ta kuma shekara. Muna da sadaka, muna da wakafi, muna da zakkar fidda kai. Muna da adashi a kasuwa. Muna da 'yan agaji na Jama'atu Nasril Islam, da na Izala wadda a nan Jos aka kafa ta a 1978, da na Fityanu, waɗanda ke tsaye a asibiti da maƙabarta ba dare ba rana. Ba a fi mu kyauta ba. Attajiri ɗaya a cikinmu yakan raba a watan azumi abin da ya fi ƙarfin baikon wata ƙaramar majami'a na watanni. Sai dai kyautarmu ta bakin ƙofa ce. Wanda ya iya layi da turereniya shi ke samu, mai kunyar da ke cikin ɗaki da marayu huɗu ba wanda ya san da ita. In salla ta wuce kuma shi ke nan, sai baɗi in da rai.

Ku tuna daren Lahadi 22 ga watan Yuli na 2012, farkon azumi, lokacin da ruwa ya taso daga wajen madatsar Lamingo ya bi ta Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo. Fiye da mutum 30 suka rasu, gidaje wajen 200 suka rushe. Allah ya jiƙansu da rahama. Jama'a sun yi ƙoƙari, an kawo tabarmi da abinci da tufafi. Amma agajin ranar musiba daban yake da asusun da ke ajiye tun kafin musiba ta zo. Wanda ya rasa gida yana buƙatar mai tuna shi bayan wata shida, lokacin da masu ɗaukar hoto sun tafi.

Akwai kuma maganar da ba za mu tsallake ba. Dattawan da ke nan sun san lokacin da Rikkos take cakuɗe, gidan Musulmi jikin gidan Kirista. Ran salla a aika musu da nama, ran Kirsimeti su aiko da shinkafa, har sukan kira Musulmi ya yanka musu dabba domin maƙwabci ya iya ci. Sai ga 12 ga Afrilu 1994, sai 7 ga Satumba 2001, sai Nuwamba 2008, sai Janairu 2010. An ƙona masallatai, an ƙona majami'u, an yi asarar rayuka ta kowane ɓangare. Babbar kasuwarmu ta Taminus ta ƙone a 2002, wutar kuma ba ta tambayi addinin mai rumfa ba. Daga nan mutane suka yi ta ƙaura, wasu har musayar gidaje suka yi, kowa ya koma cikin nasa. Yau muna da samari 'yan shekara 20 da ba su taɓa shan ruwa a gidan Kirista ba, su ma can suna da irinsu. Yaron da bai san maƙwabcinsa ba, duk abin da aka gaya masa a kansa zai yarda.

Malamanmu sun karantar da mu cewa aya ta 36 a Suratun Nisa'i ta haɗa maƙwabci na kusa da na nesa cikin waɗanda za a kyautata wa, kuma aya ta 8 a Suratul Mumtahana ba ta hana mu yin alheri da adalci ga wanda bai yaƙe mu ba. Sun kuma gaya mana cewa hijirar farko ƙasar Habasha aka yi ta, wurin sarki Kirista. A ƙasarmu ta Filato ma mun ga misali. A watan Yuni na 2018, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi ya ɓoye mutane fiye da 200, akasarinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana a taɓa su. Haka nan Akbishop Ignatius Kaigama, wanda ya riƙe Katolikan Jos daga 2000 zuwa 2019, an san abotarsa da marigayi Sarkin Wase Alhaji Haruna Abdullahi, tare suka riƙa yawon kwantar da tarzoma.

Saboda haka muna kawo wa wannan taro shawarwari kamar haka:

1. A kafa asusun marayu da zawarawa da marasa lafiya a ƙarƙashin ƙungiya. Kowane ɗan ƙungiya ya riƙa ba da wani abu duk Juma'a, ko da naira 200 ce, mai hali ya ƙara.

2. Kuɗin ya zauna a banki da sa hannun mutum uku. A ƙirga a gaban shaidu, a karanta rahoto duk wata, a kuma liƙa shi a bangon ofis. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, don haka kada wani dattijo ya ji haushi in an ce ya kawo rasit.

3. A ba iyayenmu mata nasu reshe da nasu ma'aji. Su ne ke shiga cikin gidaje, su suka san tukunyar da ba ta hau wuta ba. Su rubuto mana sunaye layi-layi, a asirce, ba tare da tozarta kowa ba.

4. Kowane mai rumfa ko mai sana'a a cikinmu ya ɗauki yaro ɗaya maraya ya koya masa, ƙungiya ta riƙa bin sawu.

5. A naɗa dattawa kaɗan da za su riƙa kai gaisuwar ta'aziyya da jaje ga maƙwabtanmu Kirista in wani abu ya same su, su kuma san shugabannin majami'un da ke kusa da mu fuska da fuska. Ranar da jita-jita ta tashi, a sami wanda za a kira a waya kafin yara su fita titi. Aikin kwashe shara daga magudanun ruwa kafin damina kuwa, a gayyace su a yi tare, tunda ambaliya ba ta san iyakar unguwa ba.

Jama'a, waɗannan abubuwa ba sa buƙatar gwamnati, ba sa buƙatar ɗan siyasa. Littafi ɗaya ne, da biro, da mutane masu amana. Muna roƙon shugaba da kada a tashi daga nan sai an zaɓi waɗanda za su riƙe asusun, an kuma sa ranar da za su kawo rahoton farko.

Allah ya zaunar da garinmu Jos lafiya, ya jiƙan magabatanmu, ya shirya mana zuriya, ya sa albarka a kasuwancinmu.