AMSOSHIN WASIƘUNKU: Yaya Ake Gane Yaron Da Zai Yi Nisa A Ƙwallo?

A wannan mako wasiƙu uku ne su ka zo mana daga yammacin Jihar Zamfara, ɗaya daga Gummi, ɗaya daga Anka, ɗaya kuma daga ƙasar Bukkuyum. Da mu ka duba sai mu ka ga ashe duk magana ɗaya ce, watau maganar yara masu tasowa a wasan ƙwallon ƙafa. Saboda haka za mu haɗa su mu amsa bi da bi.

Wasiƙa ta farko wani malamin makaranta ne ya aiko da ita daga Gummi. Ya ce yana koyar da yara tamaula da yamma, an kuwa aiko masa daga Gusau ana son ya zaɓi uku da su ka fi a zo a gwada su. Ya ce tun ranar bai samu sukuni ba, don kowane uba gani ya ke ɗansa ne na ɗaya. Yana tambaya, shin akwai hanyar jera yara daga na ɗaya zuwa na ƙarshe ba tare da son kai ba?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Akwai hanya, kuma waɗanda su ka fi kowa ƙwarewa a kanta su ne Amurkawa, a wani wasa nasu da ake kira besbol, wanda ake jefa ƙwallo wani ya doke ta da kulki ya ruga. Manyan kulob-kulob na wannan wasa 30 ne. Tun daga shekarar 1921 zuwa gaba wani mutum mai suna Branch Rickey, na kulob ɗin Cardinals da ke birnin St. Louis, ya riƙa mallakar ƙananan kulob-kulob yana renon yara a ciki, kamar dai yadda mai lambu ke yafa irin albasa kafin ya dasa. Su da kansu ma gona su ke kiran abin. Daga shekarar 2021 kowane babban kulob yana da ƙanana huɗu a ƙarƙashinsa, hawa-hawa, watau 120 ke nan jimla. Yaro zai fara daga ƙasa, in ya yi abin kirki a ɗaga shi gaba.

Masu farautar 'yan wasa a can ba su cewa wane ya iya, wane bai iya ba. Abu biyar su ke dubawa ɗaya bayan ɗaya: iya dukan ƙwallo, ƙarfin dukan, gudu, cafke ƙwallo, da ƙarfin jifa. Kowanne su ba shi maki daga 20 zuwa 80, maki 50 shi ne matsakaici. Sannan kowace shekara a fito da jeri, a ce ga na ɗaya, ga na biyu, har ƙasa.

Amma Malam, ka saurari wannan. A shekarar 1991 kulob ɗin Yankees na birnin New York ya ɗauki wani yaro, Brien Taylor, shi ne na ɗaya a duk Amurka a shekarar, aka ba shi fiye da dala miliyan ɗaya da rabi. A 1993 ya shiga wani faɗa ya ji ciwo a kafaɗa, har ya bar wasa bai taɓa taka babbar gasa ba. Shi kuwa Mike Piazza, a 1988 shi ne mutum na 1,390 da aka zaɓa, kusan don alfarma ma aka ɗauke shi. A 2016 aka sanya sunansa cikin gwarzayen wasan na tarihi. Ka ga ke nan jeri yana da amfani, amma ba wahayi ba ne.

Mu ma nan gida ba baƙon abu ba ne. Ku mutanen ƙasar Zamfara ai kun san dambe. Yaro ba ya faɗawa fage haka kawai ya ce zai kara da shago. Sai ya bi wani babba, ya riƙe masa kaya, a riƙa haɗa shi da sa'o'insa kafin manya su shigo. Shi ya sa za ka ji ana cewa Shagon wane, Autan wane, Ƙanin wane. Ubangidan kuwa ba kisa kaɗai ya ke dubawa ba. Yana duba wa aka kashe, da yadda yaron ke tsayawa a turmi na uku bayan ya sha naushi a na farko.

To ga shawararmu. Ka samu littafi, ka rubuta sunan kowane yaro, ka ja layi biyar, kowane layi maki goma, bisa wannan tsari.

Na farko, shekaru na gaskiya. Wannan shi ne tushe. Ƙato ɗan shekara 21 in ya shiga cikin 'yan shekara 15 dole ya zama zakara, amma ya riga ya gama girma, su kuwa yanzu su ka fara. Yaro ɗan 15 da ke iya tsayawa da 'yan 18, ko bai ci ƙwallo ko ɗaya ba, ya fi shi.

Na biyu, da wa ya kara? Cin ƙwallo biyar a wasan unguwa bai kai ƙwallo ɗaya a wasan da aka je wani gari, filin baƙo, 'yan kallo na baƙo, ba.

Na uku, ƙafa da kai. In an ba shi ƙwallo, tana tsayawa ko tana tsalle ta bar shi? Yana bugawa da hagu da dama? Yana ɗaga kai ya duba kafin ƙwallo ta iso? Ka lura da abin da ya ke yi sa'ad da ƙwallo ba ta wurinsa, a nan ake gane mai basira.

Na huɗu, hali. Wa ke fara zuwa fili? Wa ke zagin alƙalin wasa? In an ci su biyu, wa ke sunkuyar da kai, wa ke tsawata wa 'yan uwa a tashi? Yaron da ya fara shaye-shaye, ko da ƙafarsa ta zinariya ce, ka mai da shi ƙasa.

Na biyar, gudu da lafiyar jiki. Mun sa shi a ƙarshe ba don ba shi da muhimmanci ba, sai don shi ne kowa ke gani, ba ya bukatar littafi.

Kada ka ba da maki kai kaɗai. Ka samu mutum biyu da su ka san wasa, waɗanda ba su da ɗa ko ƙane a ciki, kowa ya rubuta nasa a ɓoye, sannan a haɗa. Kada kuma a yanke hukunci da wasa ɗaya, a kalli akalla biyar. Bayan wata shida a sake, don yaro kamar dawa ya ke, wata tana fitar da kai da wuri, wata sai ƙarshen damina. In uba ya zo da ƙorafi, ka buɗe masa littafi. Gani ya kori ji.

Wasiƙa ta biyu daga wasu samari ce a garin Anka. Sun ce kullum gardama su ke yi a teburin mai shayi: cikin yaran da su ka buga wa Nijeriya gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17, wa ya fi? Sun ce mu raba gardama.

To samari, Nijeriya ta ci wannan kofi sau biyar: 1985 a ƙasar Sin, lokacin gasar ta 'yan ƙasa da 16 ce, sai 1993 a Japan, 2007 a Koriya ta Kudu, 2013 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, da 2015 a Chile. In ana maganar inda mutum ya kai daga baya ne, ga namu jerin.

Na ɗaya Nwankwo Kanu na 1993. Ya ci kofin zakarun Turai da Ajax a 1995, ya ci zinariya a wasannin Olamfik na Atlanta a 1996, ya zama gwarzon Afirka sau biyu, 1996 da 1999, alhali kuwa a tsakani an yi masa aiki a zuciya. Na biyu Victor Osimhen na 2015, wanda ya ci ƙwallo 10 a Chile. Ya je Wolfsburg a Jamus bai ci ko ɗaya ba, har an fara cewa ya ƙare. Ya koma Charleroi a Beljiyam ya farfaɗo, ya bi ta Lille, ya ci gasar Italiya da Napoli a 2023 da ƙwallo 26, ya zama gwarzon Afirka a shekarar. Na uku Kelechi Iheanacho na 2013, wanda ya buga wa Manchester City, ya kuma ci kofin FA da Leicester a 2021.

Amma ku dubi ɗaya gefen. A 1987 a Kanada, Philip Osondu ne aka zaɓa gwarzon gasar baki ɗaya. Anderlecht ta ɗauke shi, bai samu shiga ba, ya rasu a 2019, Allah ya ba iyalinsa haƙuri. Macauley Chrisantus ya fi kowa cin ƙwallo a 2007, guda 7, amma bai samu gindin zama a Hamburg ba. A 2009, da aka yi gasar a nan Nijeriya, Sani Emmanuel ne gwarzo, a gasar da Neymar na Brazil ya buga aka fitar da su tun zagayen farko. Yau ku tambayi yaro ƙarami wanne ya sani cikin biyun. Ko a 2015 ɗin ma ba Osimhen aka ba kyautar gwarzo ba, Kelechi Nwakali aka ba, wanda Arsenal ta saya amma bai buga mata wasan gasa ko ɗaya ba.

Sannan ga waɗanda ba su je wannan gasa ba sam. Ahmed Musa ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, daga nan ya wuce Holan, ya zo ya ci ƙwallo huɗu a gasar cin kofin duniya ta manya, biyu a ragar Ajantina a 2014, biyu a ragar Iceland a 2018. Ga kuma maƙwabcinku Zaidu Sanusi, haifaffen Jega. Ruwan Gulbin Zamfara da ya ratsa ƙasarku shi ne ke gangarawa garinsu. Ya fara daga ƙananan kulob-kulob a Fotugal, ya hau a hankali har Porto a 2020, kuma ƙwallon da ya ci Benfica a watan Mayu na 2022 ita ta ba Porto kofin ƙasar. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Wasiƙa ta uku ita ce ta fi tsaya mana a rai. Wani dattijo manomi ne daga ƙasar Bukkuyum ya sa aka rubuto. Ya ce ɗansa shekararsa 16, kowa na yaba ƙwallonsa. Wani mutum ya zo ya ce zai kai shi Turai, amma sai an biya kuɗin fasfo da biza da jirgi, ya kuma ce a rage wa yaron shekaru a takarda. Dattijon ya ce ba shi da abin sayarwa sai shanun huɗarsa biyu. Ya sayar?

Baba, Allah ya ƙara girma. Kada ka sayar. Ga dalilanmu.

Da fari, dokar hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta hana kulob ɗin wata ƙasa ɗaukar yaron da bai cika shekara 18 ba, sai bisa wasu 'yan dalilai, misali in iyayensa ne su ka ƙaura can don wani abin da ba ƙwallo ba. Wanda ya ce zai kai ɗan 16 Turai ya sa hannu, ko bai san doka ba, ko kuwa ya san kai ba ka sani ba. Na biyu, kulob ɗin da ke son yaro da gaske shi ke aiko da takardar gayyata, galibi kuma shi ke ɗaukar nauyin tafiya. Na uku, maganar shekaru. Tun 2009 FIFA ke amfani da na'urar da ke ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don gane wanda ya wuce 17. A 2016 yara fiye da ashirin su ka faɗi wannan gwaji a sansanin Nijeriya, aka je da sauran, Jamhuriyar Nijar ta fitar da mu muna riƙe da kofin duniya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, Baba. Shi ɗanka ma shekarunsa na gaskiya su ne jarinsa, don me za a taɓa su?

Hanyar da ta fi ita ce ta hawa-hawa. A yi masa rajista da kulob ɗin da hukumar ƙwallo ta jiha ta san da shi a Gusau. A nan Nijeriya ma akwai matakai: gasar ƙananan kulob-kulob ta NLO, sai NNL, sannan babbar gasa ta NPFL, wadda Zamfara United ta taɓa bugawa. Rajistar nan tana da wani amfani, kai ma Malam na Gummi ka ji. In aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba wa kulob-kulob ɗin da su ka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Amma sai wanda sunansa ke a rubuce. Wanda ya yi reno ba takarda, sai dai ya ji labari a rediyo.

Mun san halin da ake ciki a wannan yanki, ga rashin tsaro a hanyoyi, ga ramukan haƙar zinariya na janye samari, kuma ba a manta da gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010 ba. Uban da ya ga wata ƙofa ta buɗe wa ɗansa ba abin zargi ba ne. Amma in shanu su ka tafi, yaro ya maƙale a wata ƙasa ba kulob ba kuɗin dawowa, an yi biyu babu. Ka bar shi a makaranta, ya yi ƙwallonsa da yamma. Cikin yaran da ke buga tamaula kaɗan ne ƙwarai ke cin abinci da ita, karatu da sana'a kuwa ba su da ranar ritaya a shekara talatin. In mutumin nan ya dawo, ka ce ya kawo lasisinsa na FIFA da takardar kulob ɗin, ku je Gusau tare a tantance. In na gaskiya ne zai bi ka. In ya fara cewa lokaci na ƙurewa, to ka samu amsarka.

Malam na Gummi, muna jiran ka rubuto mana yadda gwajin yaranka ya kasance. Samarin Anka, mun san ba za ku yarda da jerinmu duka ba, ku aiko da naku mu karanta. Jama'a, nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.