Wuri da Lu'ulu'u

 Ku kasa kunne kaɗan.

Kakanninmu fatake, masu kai goro daga Gwanja zuwa Kano, da wuri suke ciniki a zangon Jugu. Wuri fa kwasfar wata 'yar dabbar teku ce, iri biyu kuwa aka sani. Ƙarami mai ƙusoshi a bayansa daga tsibiran Maldib ya fito. Wanda ke da zobe rawaya a gadon bayansa, na Zanzibar ne. Tun wajen 1845 Jamusawa suka yi ta jigilar na Zanzibar zuwa bakin tekunmu. Da ya yi yawa, sai darajarsa ta faɗi, har kuɗin dakonsa ya riƙa cinye ribar falke. Yau ana ado da shi.

Akwai kuma wata kwasfar, mai marfi biyu kamar makankarin da muke samu a kogi. A cikinta ake samun lu'ulu'u. Mutane sukan ce ƙwayar yashi ce mafarinsa, amma galibi ƙwaro ne ya shiga, ko kuwa rauni ya sami naman dabbar. Ba ta da hannun cirewa. Sai ta yi ta lulluɓe wurin da irin abin da take gina kwasfarta, shafe bisa shafe, shekara da shekaru, har ya zama ƙwallo mai sheƙi. A da, masu nutso na Baharen sukan buɗe kwasfa da yawa kafin su dace da guda. In kana so ka gane na gaske, ka goga shi a haƙori: na gaske yana da ɗan kaushi, na jabu sumul yake.

Cikin Linjilar Matta, sura 13, Yesu Almasihu ya kwatanta Mulkin Sama da falke mai neman lu'ulu'u. Da ya ga guda ɗaya mai tamani, duk kayansa ya sayar domin ya mallake shi. Ba wauta ya yi ba, gama ya san kaya.

Ɗan'uwa, kuɗin kakanninka sun daina ci. Naka ma wata rana za su daina. Gafarar da Yesu ya saya mana da raunukansa ba ta faɗuwa a kowace kasuwa. Kai da ba a cutarka a awo, kada ka yarda a cuce ka a zancen ranka. Ka nemi wannan lu'ulu'u tun yau.

Allah ya ba mu ganewa. Amin.