MUDU ƊAYA GA KOWA: KIRISTA, ƘURI'ARSA DA HALIN SHUGABANNI

Jawabin dattawan ekklesiya a ranar bikin cika shekara hamsin

 

GABATARWA

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya nuna mana wannan rana. Shekara hamsin ba kwana hamsin ba ce. Wannan ekklesiya tsarar ruwan Tiga ce, domin an gama madatsar a 1974, kuma a cikin waɗannan shekaru ne iyayenmu suka fara taruwa domin sujada. Da yawa daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya. Allah ya sa mu riƙe abin da suka bar mana.

A Littafin Firistoci sura 25, shekara ta hamsin shekarar gyara ce. Ana busa ƙaho, a mayar wa kowa gonar gadonsa, a saki wanda bashi ya mayar bawa. Saboda haka biki irin wannan bai tsaya ga ci da sha da ɗinka anko ba, lokaci ne da jama'ar Allah ke duba kansu. Abin da muke so mu duba tare yau shi ne yadda muke jefa ƙuri'a, da irin halin da muke nema ga masu mulkinmu.

Dukanmu mun san ɗan kasuwa mai mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Maimaitawar Shari'a sura 25 ta hana wannan. Tambayarmu ita ce, idan zaɓe ya zo, da mudu nawa muke awo?

1. INDA MUKA FITO

Yawancinmu mun taso muna jin cewa siyasa aikin duniya ne, mai bi na kirki ba ya kusantarta. Amma tarihi ya nuna akwai masu bi a cikinta tun farko. Dokta R.A.B. Dikko na Wusasa, likita na farko ɗan Arewa, Kirista ne, kuma shi ne shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa da aka kafa a 1948. Fasto David Lot na Panyam ya jagoranci ƙungiyar siyasa ta mutanen tsakiyar ƙasa tun wajen 1950. Farfesa Ishaya Audu, mutumin Anchau, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya tsaya takarar mataimakin shugaban ƙasa tare da Dokta Azikiwe a 1979, ya kuma riƙe ministan harkokin waje har 1983. Ba mu da dalilin cewa siyasa ba tamu ba ce.

A 1976 aka kafa ƙungiyar CAN, muryar Kirista ta fara fita wuri ɗaya. A 1979 iyayenmu mata na Arewa suka jefa ƙuri'a a babban zaɓen ƙasa karo na farko. Sai ga maganar shigar Nijeriya ƙungiyar OIC a 1986, da ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano a 2000, da rikicin bayan zaɓen 2011. Waɗannan abubuwa sun sa mana tsoro, kuma tsoron yana da dalili. Amma sannu a hankali ya sauya tambayar da muke yi. Dā muna tambaya, wane irin mutum ne? Yanzu da yawa cikinmu tambaya ɗaya kawai suke yi, namu ne?

Mu kwatanta zaɓe biyu. A ranar 12 ga Yuni 1993, Cif M.K.O. Abiola da Alhaji Babagana Kingibe, dukansu Musulmi, suka tsaya tare, Kiristoci masu yawa suka zaɓe su. Kanawa kuma suka ba Abiola rinjaye a kan ɗansu Alhaji Bashir Tofa. Bayan shekara talatin, a 2023, Bola Tinubu da Kashim Shettima suka tsaya tare, CAN ta fito fili ta ƙi. Majami'u da yawa suka rungumi Peter Obi. A nan gida kuwa, Sanata Rabi'u Musa Kwankwaso, ɗan wannan ƙaramar hukuma ta Madobi, ya tsaya da Bishop Isaac Idahosa a matsayin mataimaki, ya sami ƙuri'a kusan miliyan ɗaya a Jihar Kano. Ta Obi a duk jihar ba ta kai 30,000 ba. A ƙasa baki ɗaya, mutum fiye da miliyan 93 suka yi rajista, amma kimanin miliyan 25 ne suka fito.

Ba mu kawo waɗannan domin mu yabi wani ko mu kushe wani ba. Darasin shi ne, a wannan jiha yawanmu shi kaɗai ba zai naɗa gwamna ba. Jarin da muke da shi shi ne shaidarmu. Idan muka zubar da ita, me ya rage?

2. SUNA BA HALI BA NE

Ya ku ƙaunatattu, sunan baftisma ba ya hana hannu ɗaukar abin da ba nasa ba. Rabaran Jolly Nyame ya yi gwamnan Taraba daga 1999 zuwa 2007. A 2018 kotu a Abuja ta same shi da laifin karkatar da kuɗin jiha, ta yanke masa shekara 14. A wannan shekara kuma aka yanke wa Joshua Dariye, tsohon gwamnan Filato, irin wannan hukunci. An yi musu afuwa a 2022. A ƙasar Zambiya, Shugaba Frederick Chiluba ya shelanta ƙasarsa ta Kirista ce a 1991, masu bi suka yi ta murna. A 2007 wata kotu a Landan ta ce yana da alhakin salwantar dala miliyan 46 na jama'a, ko da yake kotun ƙasarsa ta sallame shi a 2009. Ba mu faɗi wannan da farin ciki ba. Duk sa'ad da irin haka ta faru, sunan Almasihu ne ake zagi a kasuwa.

Mu duba wancan gefe kuma. Ruwan da ke bin kanal ya ratsa Kadawa da Kura da Bunkure, wanda da shi muke noman rani, shinkafa da tumatir da alkama da albasa, Gwamna Audu Bako ne ya gina madatsarsa. Ruwan bai taɓa tambayar addinin mai gona ba. Da kuɗin wannan noma muka sa kwano a majami'a, muka biya kuɗin makarantar 'ya'yanmu. Da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali bayan ya hau mulki a 1979, iyayenmu ma sun huta. Malam Aminu Kano ya rasu a 1983 bai tara dukiya ba, abokan hamayyarsa ma sun shaida. Dukansu Musulmi ne. Wanda ya ƙi faɗin alherin da aka yi masa domin mai alherin ba nasa ba ne, ya yi shaidar zur.

3. DARASI DAGA AMURKA

Wannan gwaji bai tsaya a kanmu ba. 'Yan'uwanmu na Amurka da ake kira Ibanjelika, masu riƙe da Littafi Mai Tsarki da wa'azin tuba kamar mu, sun gamu da shi. A 1998, lokacin abin kunyar Shugaba Bill Clinton, babban taron Baptis na kudancin ƙasar ya zartar da ƙuduri cewa halin mai mulki abin dubawa ne. A 2011 wata cibiyar bincike mai suna PRRI ta tambaye su ko shugaban da ya yi lalata a ɓoye zai iya riƙe amanar jama'a. Cikin fararen fatarsu, kashi 30 cikin ɗari ne suka ce zai iya. Da aka sake tambayar a 2016, lokacin takarar Donald Trump wanda kusan kashi 81 cikin ɗari nasu suka zaɓa, masu cewa zai iya sun kai kashi 72.

Littafin bai canja ba cikin shekara biyar. Ɗan takara ne ya canja, sai mudu ya canja. Suna da dalilansu, kamar maganar zubar da ciki da naɗin alƙalai, kuma mutum yana iya zaɓen wanda ya ga ya fi dama cikin biyu ba tare da ya yi zunubi ba. Inda matsalar take shi ne a daina kiran laifi laifi domin mai laifin namu ne. Kafin mu yi musu dariya, mu tuna laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

4. HUJJOJIN DA MUKE BA KANMU

Mukan ji ana cewa, ai Dawuda ma ya yi zunubi. Gaskiya ne. Amma Allah ya aiki annabi Natan ya same shi har fada, kuma Dawuda ya tuba (2 Sama'ila 12). Wanda zai ambaci Dawuda, to, ya yarda ya zama Natan.

Wasu sukan ce, ai Allah ya yi aiki da Sairus wanda bai san shi ba. Wannan ma gaskiya ne, amma takobi ne mai kaifi biyu. Idan Allah zai iya amfani da namu mai rauni, zai iya amfani da wanda ba namu ba.

Wasu kuma sukan ce, shugaba muke zaɓe, ba fasto ba. Hakika ba ma neman ɗan takara ya iya wa'azi. Amma shawarar da Yetro ya ba Musa a Fitowa sura 18 a kan masu shari'ar jama'a ce, ba firistoci ba. Ya ce a nemo waɗanda suka iya aikin, suke jin tsoron Allah, ake iya ba su amana, kuma toshiyar baki ba ta shiga hannunsu. Wanda ya saba cin amanar matarsa da leburan gonarsa, kujera ba za ta koya masa riƙon amana ba. Hali zanen dutse ne.

5. NAMU LAIFIN A RUMFAR ZAƁE

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kowane zaɓe ana raba taliya da sabulu da atamfa da 'yan kuɗi a ambulan. Mun san talauci, mun san tsadar taki da man injin ban ruwa. Amma Isuwa ma yunwa yake ji ranar da ya sayar da gadonsa a kan kwanon fate. Taliya ta kwana biyu ce, mulki na shekara huɗu ne. Wanda ya sayi ƙuri'arka ya biya ka hakkinka tun ranar, ba ka da bakin tambayarsa maganin asibiti ko gyaran kanal.

Wannan magana ta shafi ekklesiya ma. Idan ɗan takara ya kawo buhunan siminti ana saura wata ɗaya zaɓe, ba baiko ya kawo ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Majami'ar da ta karɓa, da wane baki za ta tsauta masa gobe?

6. SHAWARWARI

Muna roƙon ekklesiya ta riƙe waɗannan:

Na ɗaya, duk wanda ya kai shekara 18 ya yanki katin zaɓe, ya fito ranar zaɓe. Mai zaman gida ma ya yi zaɓe, domin ya bar wa wasu su zaɓa masa.

Na biyu, mu auna kowane ɗan takara da tambayoyi iri ɗaya, ko Bulus ne sunansa ko Bello. Yana cika alkawari? Ina ya sami dukiyarsa? Yaya yake da iyalinsa da masu yi masa aiki? Yana ɗaukar 'ya'yan talakawa yana ba su ƙwaya da makami? Idan ya sami iko, zai yi wa wanda bai zaɓe shi ba adalci?

Na uku, kada idonmu ya tsaya a Abuja. Kansila da ciyaman da ɗan majalisar jiha, da mai wakiltar Kura, Madobi da Garun Malam a majalisar tarayya, su ne kusa da rijiyarmu da makarantarmu. Waɗannan mun san gidajensu da iyayensu, babu mai ruɗinmu a kansu.

Na huɗu, mu kai koke-kokenmu a fili, da ladabi, a rubuce: filin gina majami'a da maƙabarta, malamin darasin addinin Kirista a makarantu, da takardar shaidar ɗan ƙasa ga 'ya'yanmu. Mu haɗa da abin da ya dami maƙwabtanmu Musulmi, wato taki, ruwan kanal a kan kari, hanya, da farashin amfanin gona. Irmiya sura 29 ta koya wa bayin Allah su nemi zaman lafiyar garin da suke ciki, domin nasu yana cikin nasa.

Na biyar, bagadi ba dandalin kamfe ba ne. Ɗan siyasa ya zo sujada, maraba da shi, ya zauna a benci kamar kowa. Kada fasto ya ce Allah ya nuna masa wanda zai ci. Mun ji irin waɗannan annabce-annabce, mun kuma ga yadda suka ƙare.

Na shida, 'ya'yanmu da Allah ya kira cikin siyasa, mu sa musu albarka su shiga, kamar Yusufu da Daniyel da Nehemiya. Amma su sani mudun da muka auna wasu, da shi za mu auna su. Horon ekklesiya ba ya tsallake mai babbar riga.

Na bakwai, kada siyasa ta raba mu. Mutum biyu masu tsoron Allah suna iya duba abu ɗaya su zaɓi jam'iyya daban. Bayan zaɓe, teburin Jibin Ubangiji ɗaya ne. Wanda ya ci kuma, ko mun zaɓe shi ko ba mu zaɓe shi ba, wajibi ne mu yi masa addu'a kamar yadda 1 Timoti sura 2 ta umarta.

KAMMALAWA

Sa'ad da annabi Sama'ila ya tsufa, ya tsaya gaban dukan Isra'ila ya nemi duk wanda ya taɓa ƙwace wa sa ko jaki, ko ya karɓi hanci a hannunsa, ya fito ya faɗa. Ba a sami ko mutum ɗaya ba (1 Sama'ila 12). Irin shugaban da muke roƙo ke nan. Amma ba za mu nemi wannan ga masu mulki ba alhali mu kanmu muna sayar da ƙuri'a, muna rufa wa namu asiri, muna tona na wasu.

Iyayenmu ba su da yawa, ba su da kuɗi, ba su da kowa a gwamnati. Abin da ya sa aka ba su wurin zama a wannan ƙasa shi ne an san su da faɗin gaskiya da biyan bashi da cika mudu. Matasa, yawancinmu dattawa ba za mu ga bikin shekara ɗari ba, ku ne za ku gani. Muna roƙonku ku kai wannan suna can ba tare da tabo ba.

Allah ya ba ƙasarmu shugabanni masu adalci. Allah ya zaunar da Madobi da Jihar Kano da Nijeriya lafiya. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya. Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da ku duka. Amin.